Farin Lagwani

Shekara ashirin da shida Mai Rijiya ya yi yana haƙa yana yasa, kuma doka ɗaya ce mahaifinsa ya bar masa wadda ba a yi mata kwana. Kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya, sai an kunna fitilar ƙwai an sa ta cikin bokiti an zura har ƙasa. In ta dawo tana ci, a shiga. In ta mutu a hanya, to iskar ciki ta ɓaci, ko ɗan waye ya aiko ba mai shiga sai an bar ta a buɗe ta sha iska. Tsohon yakan ce rijiya ba ta da ɗan gida. Mai Rijiya ya yi ta maimaita wannan magana har ta zama kamar tasa, yana faɗa yana ɗaga yatsa, domin mutum ne mai son a san ya sani.

Su biyu ne a sana'ar, shi da ƙaninsa wanda kowa ke kira Gajere. Sunan bai yi ƙarya ba. Gajere yakan ce Allah ya rage masa a tsawo ne ya mayar masa a baki, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar zai shaida. Shi ne mai shiga, wansa ne mai riƙon igiya. Daga ƙasan rijiya yake tsokanar masu gida, ya ce ya tsinci cokalin da aka zargi maƙwabta da shi, ko ya tambaya wa ya jefa takalmi ƙafa ɗaya ya bar ɗayar tana maraici. A hannun Mai Rijiya ya girma tun rasuwar iyayensu, shi ya sa ko bayan ya yi aure ya haifi 'yan biyu mata, bai taɓa kiran wansa da wani suna ba sai Yaya. Kayan aiki kuwa a gidan Gajere suke kwana, don shi ne mai ɗan ɗakin ajiya, matarsa Uwar Biyu ce ke kula da su.

Ranar wata Talata aka kira su aikin wata rijiya a bayan wani gidan burodi. Rijiyar su da kansu suka haƙa ta shekara bakwai da suka wuce. Da ta ƙafe, mai gidan burodin ya sa aka rufe ta da murfin siminti, ta shekara biyu a haka, yanzu famfo ya fara yi masa wasa da hankali yana so a ƙara mata zurfi. Mai Rijiya ya biya da sassafe ya ɗauki buhun kaya, Gajere ya ce zai biyo baya in ya kai yara makaranta.

Aka ɗaga murfin. Mai Rijiya ya kafa ƙarafan da suke rataya igiya, ya fito da fitila, ya laluba aljihu ya ciro ashana. Ashe ruwan saman da ya doke shi jiya ya shiga kwalin. Ya ƙyasta ɗaya kanta ya ruguje, ya ƙyasta ta biyu, har ta biyar. Taku goma daga inda yake tsugune, tanderun gidan burodin na ci bal-bal. Amma mai gidan na tsaye a kansa yana gaya wa ma'aikatansa cewa wannan bawan Allah ya san rijiyar nan kamar yunwar cikinsa, shi ya haƙa ta da hannunsa, irinsu sun yi ƙaranci a duniya. To, wa zai miƙe a tsakiyar irin wannan yabo ya ce a ba shi aron wuta, ya zo aiki ba ashana? Ya leƙa ciki ya shaƙa, bai ji komai ba. Ya san muguwar iska ba ta da wari, ya gaya wa mutane haka ya fi sau ɗari. Ya mayar da fitilar cikin buhu.

Sai ga Gajere a guje, yana ba da labarin yadda ɗaya daga cikin 'yan biyun ta ɓoye takalminta a cikin tukunya don kada ta je makaranta. Yana magana yana ɗaura igiya a ƙugu. Da ya zura ƙafa ɗaya, sai ya ɗago kai.

"Yaya, fitila fa?"

"Ta dawo tana ci," in ji Mai Rijiya.

Gajere bai ƙara tambaya ba. Ya sauka yana surutu, muryarsa na ƙara nisa. Da ya taɓa ƙasa ya kwance igiyar kamar yadda ya saba, don a aiko masa da diga. Ya fara cewa wani abu game da laka, bai ƙarasa ba. Mai Rijiya ya kira shi sau biyu, na uku ya kira shi da sunan yanka, wanda rabon da ya faɗe shi har ya manta.

Abin da ya biyo baya a guntu-guntu yake tuna shi. Ya tuna mai gidan burodi ya rungume shi ta baya yana cewa in ya shiga gawa biyu za a fitar. Ya tuna ana neman igiya ta biyu, wani ya ruga maƙwabta, lokaci na tafiya. Ya tuna jiƙaƙƙen tsumma a hancinsa, da masu burodi huɗu hannuwansu duk fulawa suna zura shi, da jikin ƙaninsa a kife cikin laka, da ƙullin da ya yi masa a ƙirji yatsunsa na ƙin bin umarni. Daga nan sai duhu. Ya farfaɗo a kan buhunan fulawa ana zuba masa ruwa. Gajere kuwa bai farfaɗo ba.

A asibiti aka sa shi a ɗakin masu tsananin ciwo, mai gado shida da bangon gilashi. Aka zura masa bututun roba ta baki, aka haɗa da na'urar da ke hura masa numfashi. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba iska, ba wanda zai iya cewa me ya rage sai an jira. Sau biyu a rana ake barin dangi su shiga, minti goma goma, a cire takalmi a wanke hannu. Sauran lokacin sai benci a baranda, dogon benci mai koren fenti da zaman mutane ya cinye tsakiyarsa. A nan Mai Rijiya ya tare. Wata babbar nas da kowa ke kira Sista, mai tabarau da kaifin harshe, ta kore shi ya fi a ƙirga, ta ce ya je gida ya yi wanka kafin su ba shi gado shi ma. Yakan tashi ya zaga bayan gini ya dawo.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yabo. Mai gidan burodi kullum sai ya zo da la'asar, kuma kullum sai ya ba 'yan benci labarin yadda wannan mutum ya faɗa bakin mutuwa don ɗan'uwansa. Rijiyar gaba tara ce, amma a bakinsa ranar Alhamis ta zama goma sha biyu, kafin mako ya zagayo ta kai ashirin. Tsofaffi suna shafa kafaɗar Mai Rijiya suna sa masa albarka. Wata mata ta ce da 'ya'yanta maza su dube shi su ga yadda ake zumunci. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne. Ba wanda ya tambayi zancen fitila, don masu burodi ba su san da ita ba, wanda ya sani kuma yana kwance bayan gilashi.

Uwar Biyu takan zo da hantsi bayan ta kai yara makaranta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa kular abinci a gefe, ta ce, "Yaya, a ci gaba da yi mana addu'a." Ba ta duban fuskarsa, amma da ma matar ƙani ba ta saba tsura wa yayan miji ido ba, don haka bai ɗauki abin da wata ma'ana ba. A hannunta kullum akwai leda, cikinta rigar Gajere a goge a ninke, wai ita zai sa ranar da za a sallame shi. Da yamma ta koma da ita, washegari ta sake gogewa ta dawo. Takan zauna a ƙarshen benci leɓɓanta na motsi, ba ta kuka a gaban mutane, in an tambaye ta jiki ta ce da sauƙi, Allah na nan. Mai Rijiya ya gwammace ya dubi bango da ya dubi ledar nan.

Addu'ar da take roƙonsa kuwa ita ce abin da ya gagare shi. Salla dai bai bari ba, yana zuwa ɗan masallacin asibitin sau biyar. Amma da ya yi sallama sai ya miƙe da sauri kamar wanda tabarma ta ciza. Hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Ya yi wa kansa lissafi irin na mutumin da baƙin ciki ya rufe wa ido, ya ce bakin da ya ce ta dawo tana ci ba shi da fuskar da zai roƙi komai. Har ya kai ga tsoron kada roƙonsa ya ɓata na wasu. Ga matar nan tana roƙo, ga yara biyu suna roƙo da ƙananan hannuwansu, in ya sa nasa a ciki sai ya zama kamar ɗigon kananzir a randar ruwan sha. Wannan tunani ba gaskiya ba ne, kowane ɗan makaranta zai iya gaya masa, amma wanda ke cikin irin halinsa ba ya tambayar tunani daga ina ya fito. Ya yarda cewa Allah mai ceto ne. Abin da ya daina yarda da shi kawai shi ne cewa akwai shi a cikin waɗanda ake ceta.

In ya shiga minti gomansa, a ƙafar gado yake tsayawa. Ya dubi ƙirjin ƙaninsa yana hawa yana sauka daidai da ƙarar na'ura, ya dubi bakin nan da ba ya rufuwa da surutu an manne shi da filasta. Ƙafafun Gajere, waɗanda laka ta sa suka yi kanta da kaushi tun yana saurayi, sun fara yin fari suna laushi. Wannan ne ya sa Mai Rijiya kuka ran kwana na tara, ya fita bai cika mintinsa ba.

Ran kwana na goma sha shida likita ya kira su ofishinsa, su biyu. Mutum ne mai magana a hankali, yana juya biro a hannu. Ya ce ƙirjin mara lafiya ya fara kamuwa da ciwo saboda bututun, ba za a iya barinsa haka ba. Gobe da ƙarfe goma za su tsayar da na'urar su ga ko zai ja numfashi da kansa. In ya ja, to an sami hanya. In bai ja ba za su mayar, amma ya ga ya dace su sani cewa daga nan sai dai haƙuri. Uwar Biyu ta yi godiya, ta ce Allah ya kai mu goben. Mai Rijiya ya dafa tebur ya miƙe.

Bayan ginin akwai famfo inda masu jinya ke wanke kwanuka, da kwata mai gansakuka da igiyar shanya. Da la'asar Mai Rijiya ya sami Uwar Biyu a can ita kaɗai, a tsugune tana ɗauraye kula. Ya tsaya nesa kaɗan. Ya yi niyyar ya fara da ashana, da ruwan sama, da mai gidan burodi, amma da ya buɗe baki sai ya ga duk waɗannan ado ne.

"Uwar Biyu, ban saukar da fitila ba. Ya tambaye ni, na ce masa ta dawo tana ci. Ƙarya na yi masa."

Ba ta juyo ba. Ta zubar da ruwan kular, ta sake tarawa.

"Na sani, Yaya."

Ta ce daren Litinin ɗin ita ta wanke ƙwan fitilar, ta zuba kananzir, ta ga lagwanin ya ƙare ta sa sabo. Da masu burodi suka kawo buhun kaya gida washegarin abin, ta buɗe don ta jera su a ɗakin ajiya, ta ɗago fitilar. Lagwanin na nan fari fat, wuta ba ta taɓa shi ba. Kuma ta san mijinta, surutu gare shi amma ba ganganci, bai taɓa zura ƙafa bai tambaya ba. Ta ce ta zauna a ƙasan ɗakin ajiyar da fitilar a cinyarta har yara suka dawo daga maƙwabta.

Mai Rijiya ya lissafa a ransa. Kwana goma sha biyar ke nan tana durƙusawa tana gaishe shi, tana dafa abinci tana kawo masa, tana zaune tana jin mai gidan burodi yana ƙara wa rijiya zurfi. Ya tambaye ta, da muryar da shi kansa bai gane ba, me ya hana ta faɗa.

Sai a lokacin ta rufe famfon. Ta ce ta so ta faɗa. Ta ce akwai ranar da ta taho da fitilar a cikin jaka, ta yi niyyar ajiye ta a kan benci a gaban kowa, ta kai har ƙofar asibiti ta koma. Ƙarfinta kaɗan ne, in ji ta, ba zai ishi fushi da roƙo gaba ɗaya ba, sai ta zaɓi wanda zai amfani mijinta.

"Kada ka ɗauka na yafe, Yaya. Ban yafe ba tukuna, ban kuma san ranar ba. In na ce na yafe na yi ƙarya, ƙarya kuwa ta ishe mu haka."

Ya ce ta yi daidai. Ya ce shi ma bai zo neman yafiya ba, ya zo ne ta daina cewa ya yi addu'a, don tun ranar bai roƙi Allah komai ba, yana tsoron kada ya ɓata musu nasu.

Nan ne ta ɗago ta dube shi tsakar ido, karo na farko tun da aka kawo ta gidansu. Idanunta sun kumbura, ashe kukan a gida take yinsa.

"Kwana goma sha shida? Ni ina nan ina cewa mu huɗu ne muke roƙo, ashe mu uku ne?" Ta ajiye kular a gefe. "Yaya, kai ne babba, ban isa in koya maka ba. Amma wa ya gaya maka sai mai tsabta Allah yake ji? Wanda ya faɗa rijiya ai ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake, ba ya tsayawa duban hannunsa. Ka hana shi fitila, kada ka hana shi wannan kuma. Gobe ƙarfe goma ka tsaya kusa da ni."

Ta kwashe kwanukanta ta wuce. Ya daɗe tsaye a wurin, har wani mai jinya ya zo ya ce ya ɗan matsa zai ɗebi ruwa.

Washegari ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta. Sista ta dube shi ta saman tabarau ta ce ashe dai yana da wata rigar. Ba a bar su sun shiga ba, amma ta janye labule ta ce su tsaya a jikin gilashi, kada wanda ya yi mata ihu. Likita da nas biyu suka kewaye gadon. Uwar Biyu ta ajiye ledarta a ƙasa ta buɗe tafukanta.

Mai Rijiya ya ɗaga nasa, nauyinsu kamar ya ɗauko guga cike. Duk addu'o'in da ya haddace tun yana yaro suka gudu, ko ɗaya bai samu ba. Abin da ya fito daga bakinsa ƙasa-ƙasa shi ne, "Ya Allah, ni ne. Ka san abin da na yi. Ba ni da wani wurin zuwa." Ya maimaita, ya sake maimaitawa, don ba shi da wata.

Likita ya taɓa na'urar, ƙararta ta tsaya. Ƙirjin Gajere ya sauka, ya zauna a nan. Sista ta ɗora idonta a kan agogon hannunta. Wani yana tura keken marasa lafiya a ƙarshen baranda, ƙafar keken ɗaya tana ƙara. Mai Rijiya ya ji a jikinsa cewa an gama, ya ga likita ya fara miƙa hannu zai mayar da na'urar, amma bai sauke tafukansa ba. Ba don yana da wani tabbaci ba ne. Ya dai riga ya kama, kuma ba abin da ya rage masa in ya saki.

Sai cikin Gajere ya motsa. Wani numfashi ya fito mai kaushi, mai gurnani, mara kyan ji. Aka ɗan jima, sannan wani numfashin ya biyo. Likita ya janye hannunsa. Sista ta ci gaba da duban agogo har minti biyu, sa'annan ta juyo ta gyaɗa musu kai sau ɗaya. Uwar Biyu ta sulale ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Mai Rijiya ya jingina goshinsa da gilashin yana kuka kamar ba dattijo ba, kuma ranar Sista ba ta kore shi ba.

Da labari ne na daɗin baki, da a nan za a tsaya. Ran kwana na ashirin da biyu Gajere ya buɗe ido, aka mayar da shi babban ɗaki mai gado ashirin. Amma wanda ya buɗe idon ba mai surutun nan ba ne. Gefensa na dama ba ya motsi. Magana babu, sai wani sauti daga maƙogwaro. Yana duban matarsa yadda ake duban baƙuwa mai kirki. Da aka kawo 'yan biyu, ɗayar ta ɓuya a bayan uwarta, ɗayar ta ce Baba ya yi magana mana, bai ko juya wajenta ba. Likita ya ce wani abu zai iya dawowa da lokaci, wani kuwa ba zai dawo ba, shi bai san wanne ne wanne ba.

A baranda Uwar Biyu ta yi kukan da ta daɗe tana ɓoyewa, a gaban kowa. Ta ce mijinta bai san ta ba, shekara goma sha ɗaya bai san ta ba. Da ta gaji ta share fuska da gefen mayafi ta ce numfashi suka roƙa aka ba su, Wanda ya bayar kuwa bai rufe ƙofa ba, gobe ma za su koma. Mai Rijiya ya ce amin. Yanzu yana roƙo bayan kowace salla, ba da sauƙin zuciya ba, amma yana yi.

Saura abinci. Ta wata siririyar roba a hanci ake ba shi, likita kuma ya ce ba za a sallame shi ba sai ya karɓa ta baki. Uwar Biyu ta dama madara mai ɗumi, ta zauna a bakin gado da ƙaramin cokali, tana lallashi tana kiran sunayen da take kiransa a gida. Ya datse haƙora ya kau da kai. Sista ta gwada, ita da ta ce ta ciyar da waɗanda suka fi shi taurin kai, madarar ta gangara ta gefen baki ta jiƙa matashi. Kwana uku ana haka, yana ƙara ramewa.

Mai Rijiya na nan a ƙafar gado inda ya saba, bai taɓa matsowa ya wuce nan ba. Ran na huɗu Sista ta tsaya da cokali a hannu tana kallo. Ta ce da shi ya koma hagu. Ya koma. Ta ce ya koma dama. Idanun Gajere suka bi shi can, suka biyo shi nan.

"Malam, zo nan. Kai yake nema."

Ta mayar wa Uwar Biyu da cokalin ta tafi wani gadon. Uwar Biyu ta riƙe shi, ta dubi mijinta, ta dubi inda mijinta ke duba. Mai Rijiya ya ga yadda abin ya soke ta, ya so ƙasa ta tsage. Ta daɗe a haka, madarar na hucewa. Sannan ta tashi daga kujerar ta miƙa masa kofin da cokalin.

Ya zauna. Kusa haka, ya ga furfura biyu a gemun ƙaninsa da bai san da su ba. Ya ɗebo madarar, ya tsaya da cokalin a tsakani.

"Gajere," in ji shi, "tsaya ka ji tukuna. Ni na sa ka a nan. Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Ka ji? Ni ne."

Gajere ya dube shi da idanun nan da ba kowa a cikinsu sai shi. Ko ya gane ko bai gane ba, Allah kaɗai ya sani. Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa, sa'annan ya buɗe baki.

Mai Rijiya ya sa masa cokalin, ya haɗiye, ya sake buɗewa. Uwar Biyu ta zagaya ɗaya gefen gadon ta riƙe tawul a ƙarƙashin haɓar mijinta, hawayenta na sauka a kan zanen gado.

"Kaɗan-kaɗan, Yaya," in ji ta. "Kada ya ƙware."